Ɓargon Ɗan Fari

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya zauna a benci ya ce, "Umaru, ba mu labarin Indiya." Na bayar har muryata ta dushe, amma sai labarin ya zaga kasuwar Zugu ya komo mini da wata kama. Wai an cire mini ƙoda. Wai an zuƙe mini ɓargo na zama karan dawa. Wai ƙanwata Zulai ta koma namiji. Wasu kuma sun ce ja muka je yi da ƙaddara. Shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta sau ɗaya. Iyakar karatuna firamare, amma abin da na gani na gani, kuma ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, don ina tsoron ranar da za a tambaye ni.

Zulai ce autar Inna, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Kafin ita mun binne biyu da irin ciwon. Ita ta ƙi tafiya. Ta kai shekara ashirin da huɗu da bakinta mai kaifi, amma a ƙarshe ciwon ya daina ba ta hutu, yau ƙirji, gobe kwatangwalo. Likitanta na Sakkwato ya ce akwai magani ɗaya, dashen ɓargo. A cikin ɓargo ake ƙera jini. Idan aka kashe nata aka zuba mata na wani, sai ya shiga ƙera mata jini mai kyau. Amma sai na wanda halittarsu ta zo ɗaya, kuma an fi samun haka a wurin wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Wata ƙungiya mai taimakon masu sikila ta ce za ta ɗauki nauyin tafiyar.

Aka ba da takarda a rubuta 'yan'uwanta. Babanmu ya rasu, don haka Inna aka tambaya, ta ce Sani da Hajara. Aka gwada su. Na Hajara bai yi ba ko kaɗan. Na Sani ya yi rabi. Likitoci suka ce yanzu an samo hanyar yin aiki da rabi, ko da yake ta fi haɗari. Aka tsayar da Sani.

Ni ne ɗan farin Inna. Ana yaye ni aka kai ni Zugu wurin Baffa Bawa, ƙanin babanmu, su kuma suna Gummi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta cin abinci a gabana. Idan ya zama dole sai ta ce "wancan". Sunan Baffa ne a katina, shi ne a fasfona. Lokacin gwajin hanyarmu a rufe take, mutanen daji sun hana fita. Da na ji an gama, sai na yi shiru, na ce wa kaina ai likitoci sun san abin da suke yi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Wannan maganar ta karan dawa na ji ta tun kafin ku faɗe ta a kaina. An sa ni a tafiyar ne kawai don ni ba na ɓatar da takarda, Sani kuwa hularsa ma mantawa yake yi a masallaci.

Babur ya fitar da ni daga Zugu, na iske su a Gummi. Ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga, don ba wanda ke bin hanyar Anka da sanyin safiya. Zulai ta kwanta a kujerar baya, kanta a cinyar Inna. Na ɗinka wata 'yar jaka mai igiya na rataya a ƙarƙashin riga, fasfo huɗu da katunan rigakafi suna ciki. Duk inda mota ta tsaya sai na sa hannu na ƙirga.

"Yaya, hwasfo ba shi da ƙahwa," in ji Sani. "Ba shi zuwa ko'ina."

"Kai ka san haka. Ni ban sani ba."

Kafin Mayanci, a wani shingen bincike, wani soja ya ga ƙirjina a kumbure, ya ga hannuna yana ta komawa wurin. Ya ce in sauko. A bakin titi na tuɓe riga biyu, motoci suna wucewa, Inna ta juya fuskarta wajen gonaki. Da ya ga fasfo ne ya tambayi inda za mu. Na gaya masa. Ya leƙa ya dubi Zulai, ya ce ƙanwarsa ma haka idonta yake. Ya ɗaga mana itacen shingen da kansa.

Mun kwana Gusau, mun kwana Abuja. Na jirgi ba zan tsawaita ba, don tun da ya tashi idona a rufe yake, ina karanta duk abin da na haddace. Abin da ya dame ni shi ne salla. Na tambayi Sani ina gabas, ya nuna gaba, da jirgi ya karkata ya nuna gefe. Muka sauka Habasha don canjin jirgi, sanyin wurin ya shiga ƙashin Zulai. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓa mata, na yi zaman jira da 'yar shara kamar ɗan dako.

A Delhi aka fara da kare. Inna ta ƙi barin gida ba kuka da daddawa da yaji, ta ƙulle su a tsohon zane. Wani jami'i ya zo da ƙaton kare, karen ya wuce jakunkunan duniya ya zo ya tura hancinsa cikin tawa, inda ƙullin yake. Aka kai mu wani ɗaki. Suka buɗe daddawa, ɗayansu ya ja da baya har ya bugi kujera. Suka ga kuka, gari kore, suka shiga magana da sauri. Ba na jin su, ba sa jin na. Inna ta gaji. Ta laƙato kukar ta sa a baki, ta yi alamar tuƙa miya, ta yi alamar loma. Aka bar mana kuka da yaji, aka riƙe daddawa. Har muka fita tana cewa Allah ya sa su san yadda ake amfani da ita. Ni kuwa hancin karen nan ne a raina, mai damshi, a kan jakar da sallayata take ciki. Ranar da muka sauka masauki sau bakwai na wanke jakar, sannan na yi shakkar ƙirgen na ƙara ɗaya.

Wanda ya tarbe mu Malam Sabi'u ne, Bakano, ya je karatu ya zauna yana yi wa majinyata tafinta. Yana jin maganar Sani ya yi dariya.

"Ashe 'yan 'mi kac ce' aka kawo mini. To sai na nemi wani tafintan ya fassara mini ku."

"Ku da kunka ɓata Hausa da rediyo?" in ji Zulai daga kan keken guragu. "Tura ni dai, Malam."

Masaukinmu ɗaki biyu ne a gidan wata tsohuwa kusa da asibiti, tana ba dangin marasa lafiya haya. Sharaɗinta ɗaya, kada nama ya shiga madafinta. Ba ta ci, iyayenta ba su ci ba. Abincinsu shinkafa ne da miyar wani ƙaramin wake, da waina marar kauri da ake gasawa a kasko. Yaji kuwa mu da muke taƙama da shi yara ne. Shayinsu da madara da citta ake dafa shi, wannan kam na yarda sun fi mu. Da hannun dama suke ci kamar mu, kuma suna tuɓe takalmi a ƙofa.

Abin da ya tsayar da ni a titi shanu ne. Saniya ga ta nan kwance a tsakiyar hanya, ba makiyayi, ba igiya, motoci suna kewaye ta. Na tsaya ina jiran mai ita. Sabi'u ya ce ba mai taɓa ta, girmama ta suke yi. Na tuna maƙwabcinmu Jauro, da aka kore masa garke duka da rana tsaka. Na ɗauki hoto in nuna masa, daga baya na goge, na ga ba alheri a ciki.

Kwana biyu ina salla ina fuskantar inda rana ke fitowa, kamar yadda na yi duk rayuwata. A rana ta uku Sabi'u ya shigo ya tarar da ni, ya jira na sallame, ya ce, "Malam Umaru, ka ba Makka baya." Ashe mun wuce ta. A can alƙibla yamma take. Na rama salla goma a tsaye ɗaya. Zulai ta ce in bar Sani ya ci gaba da kallon gabas, shi dama nasa sai a hankali.

Ranar ganin babbar likita muka shiga mu biyar. Mace ce 'yar ƙarama, furfura ta cika mata kai. Ta jawo farar takarda ta fara zana gidanmu, da'ira ga mace, akwati ga namiji, Sabi'u yana fassara. Ta zana Inna da babanmu, ta ja layi ƙasa. Inna ta faɗi biyun da suka rasu, likita ta zana ta soke su. Sai Sani, sai Hajara, sai Zulai. Sannan ta nuna ni da biro.

"Tana tambaya, wannan fa?" in ji Sabi'u.

Inna ta dubi ƙasa. "Ɗan Baffansu na."

Likita ta zana wani ɗan akwati can gefen takarda shi kaɗai. Ta juya ga Zulai ta shiga gaya mata gaskiya, ba ta ɓoye komai ba. Da rabi, in ji ta, jiki yana iya ƙin sabon ɓargon. Ko kuma ɓargon ya kama, amma ya ga jikin baƙo ne ya shiga yaƙar fata da hanji da hanta. Ana samun nasara, kuma hanyar tana ƙara kyau, amma akwai waɗanda ba sa komawa gida. Da an sami wanda ya dace gaba ɗaya, da haɗarin ya ragu sosai. Zulai tana murmushi, amma na ga ta damƙe hannun keken har jijiyoyi sun tashi.

Ni kuwa ɗan akwatin nan nake kallo. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa faɗin wannan magana a gaban Inna ba, kuma ban taɓa jin wani ɗan fari a ƙasarmu ya faɗa ba. Na ce, "Malam Sabi'u, gaya mata akwatin ga ba nan shike ba. Gaba ga na Sani za ta sa shi. Inna ta haihe ni. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita.

Likita ta ajiye biro. Sabi'u ya daɗe yana bayani, tana ta sake tambaya. Ta ce ko faɗa aka yi? Ya ce a'a. Ko ba a yi aure ba aka haife shi? Na ce a'uzu billahi. Ya ce mata kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari. Ta ce su a wurinsu ɗan fari a kafaɗa ake yawo da shi, sunansa ake kiran uwarsa da shi. Ta dubi Sani ta ce shi bai sani ba ne?

"Na sani mana," in ji Sani, yana murza hula. "Ni cewa niy yi don tsuhwa anka bar shi. Kuma kullum haka muka cewa, Yaya na Baffa."

"Kai hwa, Yaya?" in ji Zulai. "Kai mi kac ce ma kanka?"

Na ce, "Tsoro niy ji."

"Allura?"

"Har da ita."

"To ni an soka mani ta hi dubu. Miƙa hannu."

A nan zan tsaya in faɗa wa masu cewa jahilcin Inna ya kusa kashe 'yarta. Ku iya bakinku. Matar nan ta yi shekara ashirin da huɗu tana gasa wa Zulai ƙafa da ruwan zafi, ta bi ta har ƙasar da ba ta jin ko sannu. An yi mata tambaya, ta amsa yadda uwarta da kakarta za su amsa. Ba wanda ya gaya mata rai ya rataya a kan wannan ƙirgen. Wanda ya iya karatu, ya san abin da takardar ke nema, ya yi shiru, ni ne. In laifi kuke nema ga ni a shago.

Aka ɗebi jinina, muka yi kwanaki muna jira. Inna ta daina fitowa in ina tsakar gida. Ranar da sakamako ya fito likita ta jera takarda biyu, tawa da ta Zulai, layi bisa layi, ta bi su da biro. Ban san abin da aka rubuta ba, amma ko ni na ga ba bambanci. Ta ce kowane ɗa rabi yake ɗauka a wurin uwa, rabi a wurin uba, kuma ni da Zulai iri ɗaya muka ɗauko ta kowane ɓangare. Sani ya yi ajiyar zuciyar da har nas ta waiwayo.

Na ce ina da tambayoyi. Na fito da takarda, guda goma sha bakwai na rubuta. Sabi'u ya ce, "Inna lillahi." Likita ta ce a bar ni, ta fi son mai tambaya. Ga amsar waɗanda kuke yawo da su, daga bakinta.

Ƙashina ba zai zama fanko ba. Kaɗan ake ɗiba, kuma cikin 'yan makonni jiki yake mayarwa. Zulai ba za ta zama namiji ba. Jininta ne kawai zai zama irin nawa, har in aka duba shi a na'ura za a ga alamar namiji, amma sauran jikinta nata ne. 'Ya'yan da za ta haifa ba nawa ba ne ta kowace fuska, don ƙwan haihuwa ba a ɓargo yake ba. Saboda haka ma tana iya gadar musu da sikila, dole a gwada wanda za ta aura. Ni kaina AS ne, ina ɗauke da rabin ciwon bai taɓa kayar da ni ba, kuma hakan bai hana a yi da nawa ba. Ta halal da haram kuwa ta ce ba fanninta ba ne. Sabi'u ya kai ni wurin limamin wani masallaci a unguwar, dattijo mai jan gemu. Ya ji bayani, ya ce in dai ba zan halaka kaina ba, me nake jira?

Akwai maganar da ta fi duka nauyi, ita kuma ba a takardata take ba. Likita ta gaya wa Zulai cewa maganin da zai kashe tsohon ɓargon yana iya hana ta haihuwa gaba ɗaya. Na ce a ba mu lokaci mu yi shawara da gida.

"Wane gida?" in ji Zulai. "Su sunka kwana da ciwon? In rayu tukuna. Kawo in sa hannu."

Na kuma tambayi likita, wanda ba shi da ɗan'uwa fa? Ta ce yanzu masu bincike sun kai ga ɗibar ƙwayoyin mai ciwon da kansa, su gyara wurin da aka sami kuskuren a halitta, su mayar masa. An fara yi wa mutane a wasu ƙasashe, amma bai iso ga irinmu ba tukuna. Na ce kamar a warware ɗinki a sake bi. Ta ce kusan haka. Na ce to su yi sauri, don a Gummi da Anka da Bukkuyum masu jira suna da yawa.

Aka shigar da Zulai wani ɗaki mai gilashi, ba mai shiga sai da rufe baki da hanci da wanke hannu har gwiwa. Aka yi kwanaki ana ba ta maganin. Ranar tawa da safe na ba Sani wasiyya a rubuce, wanda zai ɗauki keken ɗinki, da yadin mutane da ke shago, kowanne da sunan mai shi. Aka kwantar da ni, aka sa mini maganin barci, aka ce in ƙirga. Na kai huɗu. Da na farka na fara taɓa ƙafafuna, duka biyun suna motsi. A bayan ƙugu suka soka, wuri biyu. Zafinsa kamar wanda ya faɗo daga babur ya zauna a kan dutse. Ba wani abu bayan wannan. Wanda ke son ganin tabon ya zo, amma ba a kasuwa ba.

Da la'asar aka tura ni a keke har jikin gilashin. Ga wata jaka ja a rataye, tana ɗiga cikin Zulai kamar ƙarin jini. Na zaci za a fasa ƙashinta a zuba, ashe ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi mazauninsu. Ta ɗaga mini hannu, ta nuna jakar, ta yatsine fuska wai ɗan wannan ne kawai na iya bayarwa.

Da aka mayar da ni gado na hango bayan mace a bakin ƙofar ɗakin, zaune a ƙasa, ta juya wa ƙofar baya. Sani ya shigo da kwano a rufe. Kunu ne, da citta. Ya ce Inna ce, tun safe take wurin, nas-nas sun yi sun yi ta hau kujera ta ƙi. Abin da ta ce masa kawai, "Kai ma wancan, shi sha da zahi." Na shanye, ko da yake an ce in jira.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Gashin Zulai ya zube. Bakinta ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa. Zazzaɓi ya kama ta kwana uku, likitoci suna shiga suna fita ba mai dariya. A ɗakin da ke kusa da namu a masauki akwai wani mutum daga wata ƙasar Larabawa da ya kawo matarsa irin wannan aiki. Muna gaisawa da sallama, iyakar abin da muka haɗa ke nan. Wata safiya na ga yana ɗaure kaya shi kaɗai. Na taya shi sauko da akwati. Don haka kada wani ya ce na ce abin wasa ne.

Kullum da safe ake ɗibar jininta a ƙirga ƙwayoyin. Kullum sai a ce babu. Na shiga zargin ɓargona. Na ce ko don na tsufa, ko don da tsoro na bayar, ko don sallar nan ta gabas. Sai wata safiya likita ta fito da takarda ta kira Sabi'u. Ta ce sun fara tsirowa. Washegari suka ƙaru. Tsohuwar mai gida da ta ji labari ta kawo mana wani abu mai zaƙi a faranti, ta sa wa Inna a baki da hannunta. Inna ta karɓa. A ranar har ƙasusuwan kaza tsohuwar ta gani a kwandon shara, aikin Sani, ta kau da kai.

Ni da Sani muka riga su dawowa. Inna da Zulai sai da suka ƙara watanni, don ana son a ga ɓargon ya zauna. Zulai ta dawo da tulin magani da dokoki, kuma likita ta ce kada a saki jiki, a ci gaba da gwaji. Har yau ina kiran ta kowace safiya in tambaya ko ta sha, tana cewa in nemi aikin yi.

Satin da ya wuce na raka ta Gusau gwajin jini. Mai gwajin ya san ta tun tana yarinya, fayil ɗinta ya fi na kowa kauri. Ya ɗebi jini ya shiga ciki. Ya daɗe. Da ya fito ya ce mu yi haƙuri, an haɗa kwalabe, sai an sake. Ya sake ɗiba, ya rubuta sunanta a gabanmu, ya shiga. Ya fito yana share gumi.

"Hajiya, akwai matsala. AS nake gani. Ke kuwa SS ce, ni na sha rubutawa da hannuna. Mutum ba ya canzawa."

Na buɗe baki zan fara bayani tun daga Zugu. Zulai ta ɗaga mini hannu.

"Malam, sau nawa kag gwada?"

"Biyu."

"Mi kag gani?"

"AS."

"To rubuta abin da kag gani."

Ya dube ta, ya dube ni, ya zauna ya rubuta. Ya buga hatimi.

Daga nan zuwa tasha akwai nisa, rana kuma ta take. Na tsayar da mai babur, ta ce ya tafi, a ƙasa za ta. Na ce Zulai, kwatangwalonki. Ba ta ko waiwayo ba. Na bi ta a baya ina kallon ƙafafunta, ina jiran inda za ta tsaya ta dafa bango. Muka wuce masu lemo, muka wuce gidan mai, muka wuce masallaci. Ni ne na fara cewa a tsaya a huta.